Ƙwallon Tebur: Gaskiya da Ƙarya a Zancen Masu Nauyin Hannu

Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, duk inda aka kafa teburin ƙwallo a gindin bishiya ko a gefen gidan kallo, ba a rasa saurayin da ake cewa hannu garai. Shi ne wanda in ya maka wa ƙwallo duka sai an aiki yaro ya tsinto ta a bayan katanga. 'Yan kallo suna son sa, shi ma ya san da haka. A bakin irin waɗannan tebura maganganu da yawa suna yawo a kan yadda ake zama gwani. Wasu gaskiya ne, wasu ƙarya, wasu kuma an haɗa su biyun.

"Mai ƙarfin duka shi ke cin wasa"

Ƙarya ce, kuma ita ta haifi sauran. Tsawon tebur mita 2.74 ne, faɗinsa mita 1.525, raga kuma santimita 15.25. Ƙwallon kanta giram 2.7 ce. In ƙwallo tana ƙasa da tsayin raga aka buge ta kai tsaye da ƙarfi, ɗayan biyu ne: ko ta faɗa raga, ko ta wuce tebur. Abin da ke sa bugu mai ƙarfi ya sauka a inda ake so shi ne murɗi. In aka goge ƙwallo daga ƙasa zuwa sama ta tafi tana juyawa gaba, iska ce ke danne ta, ta lanƙwaso ta sauka kafin ƙarshen tebur. Duka na kai tsaye yana da gurbinsa, amma sai ƙwallo ta yi tsalle ta haura raga.

Joo Sae-hyuk na Koriya ta Kudu ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Paris a 2003 da salon ja da baya yana yanke ƙwallo, yana barin abokin karawa ya yi ta duka har ya zubar da kansa.

"Ai Aruna Quadri ma da ƙarfi ya yi suna"

Rabinta gaskiya ne. Duniya ta san ɗan Oyon nan da zafin bugun gaban hannu. Da shi ya fitar da Chuang Chih-yuan na Taiwan da Timo Boll na Jamus a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas, inda Ma Long na Sin ya tsayar da shi. A 2022 ya shiga sahun goma na farko a duniya.

Sai dai duk wanda ya kalli bidiyonsa a waya, ya bar kallon hannu ya dubi ƙafa. Kafin ya yi bugun nan ya riga ya zagaya ƙwallon, ya durƙusa, ya aza nauyinsa a kan ƙafa ɗaya, sannan ya juyo da ƙugu. Hannu shi ne na ƙarshen isowa. Kuma bugun nasa cike yake da murɗi. Mai kwaikwayonsa da kafaɗa kawai, ciwon kafaɗa zai samu.

"Atisaye na yara ne, gwani wasa kawai yake yi"

Ƙarya ce. Dalilin yaɗuwarta a fili yake: a teburin haya wanda aka ci shi ke sauka, don haka ba mai son ɓata layinsa wajen koyo. Amma mai nauyin hannu ya fi kowa buƙatar atisaye, kuma huɗu sun ishe shi farawa, a lokacin da tebur ba cunkoso.

Na farko, ƙirge. Ku tsaya kusurwa da kusurwa, gaban hannu da gaban hannu, da rabin ƙarfi, har ku kai talatin ba a zubar ba. In ta faɗi a koma ɗaya. Sai an riƙa cika talatin cikin sauƙi ake ƙara zafi.

Na biyu sunansa Falkenberg, sunan wani gari a Suwidin inda Stellan Bengtsson, zakaran duniya na 1971, ya yi wasa. Abokinka zai turo biyu gefen bayan hannunka, ɗaya can gefen gaban hannu. Ta farko ka mayar da bayan hannu, ta biyu ka zagaya ka buge ta da gaban hannu, ta uku ka ruga ka cim mata. Wannan shi ke gina ƙafa.

Na uku, bugu na uku: ka yi sabis gajere, a mayar maka, sannan ka kai hari. Amfaninsa ka koyi bambanta ƙwallon da ta cancanci duka da wadda sai an ɗaga ta da murɗi.

Na huɗu shi ne wanda masu ƙarfi suka fi ƙi: tarewa. Ka matso kusa da tebur, abokinka ya yi ta duka, kai kuwa ka karkata katakon bugunka kawai ka mayar masa da ƙarfinsa. Ranar da ka gamu da wanda ya fi ka hannu, wannan ne zai fisshe ka.

"In aka shafa wa roba sholisho ƙwallo ta fi gudu"

Gaskiya ne, amma haramun ne a dokar wasa. Tun shekarun 1970 'yan wasan Turai suka gano cewa ruwan facin taya yana kumbura soson da ke ƙarƙashin robar katakon bugu, ya ƙara gudu da murɗi na 'yan sa'o'i. Hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta hana irin wannan gam a 2008 saboda illar tururinsa ga lafiya. Mu da muka ga abin da shaƙar sholisho ta yi wa yara a garuruwanmu ba ma buƙatar dogon bayani. Haka zancen ƙwaya: tiramol ba ya gyara saiti, kuma tun Janairun 2024 yana cikin abubuwan da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta hana a lokacin gasa.

"Wasa 21 ne, sabis biyar-biyar, kuma dole a kusurwa"

Tsohuwar doka ce a haɗe da kuskure. Tun 2001 aka koma maki 11, sabis bibbiyu. In an yi kunnen doki a 10, sai wani ya ba da ratar biyu. Sabis na kusurwa na wasan mutum bibbiyu ne kaɗai. A na ɗaiɗai ko'ina ka ga dama ka aika. Abin da doka ta wajabta shi ne ka buɗe tafin hannu, ka cilla ƙwallo sama aƙalla santimita 16, kuma tun 2002 ba a yarda ka ɓoye ta da jiki ba. Rage makin nan ya shafi mai son duka kai tsaye: a wasan 21 kana iya zubar da biyar ka farfaɗo, a na 11 kuwa biyar kusan rabin wasa ne.

"Sabon wasan Amurka na masu ƙarfi ne"

Fikilbol ake nufi, wanda bidiyonsa ke yawo a TikTok. Ba sabo ba ne: a 1965 Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum suka ƙirƙiro shi a tsibirin Bainbridge na jihar Washington. Filinsa daidai yake da na badminton, ana buga ƙwallon roba mai huji-huji da katako. Dokokinsa ma kamar don rage wa masu ƙarfi kaifi aka yi su. Akwai yanki na ƙafa 7 a kowane gefen raga da ba a yarda ka tsaya a ciki ka buge ƙwallo tun ba ta taɓa ƙasa ba, kuma sabis da mayar da shi dole kowanne ya taɓa ƙasa tukuna. Can ma masu koyarwa abin da suke fama da shi ke nan: koya wa masu duka yadda ake ajiye ƙwallo a hankali bayan raga.

"Iska ce ta ci ni"

Wannan kam a lokacin hunturu sau da yawa gaskiya ne, domin ƙwallo mai giram 2.7 ba ta jure iskar fili, shi ya sa ake yin gasa a cikin zaure. A jawo tebur bayan katanga, a kuma riƙa sauya gefe bayan kowane wasa kamar yadda doka ta ce, kowa ya ɗanɗana.

Ba wanda ya ce mai ƙarfi ya jefar da ƙarfinsa. Baiwa ce, kuma ya fi sauƙi a koya wa mai ƙarfi saiti da a koya wa mai sanyin hannu zafi. Sharaɗin dai shi ne ya yarda a ci shi na 'yan makonni yana buga rabin ƙarfi, ya jure dariyar 'yan kallo, har ƙafa da murɗi su zauna masa. Daga nan in ya saki hannu, a kan tebur za ta sauka.