Hasken Ƙanƙara Ba Shi Ne Tsabtarta Ba

 Darasinmu na yau a kan ƙanƙara ne.

Da bazara, balle in azumi ya kama, kowa na neman ƙanƙara a Madarunfa. Wata garau take kamar gilashi. Wata kuwa cikinta fari fat. Me ya kawo haka? Iska ce. Ruwa yakan fara daskarewa daga gefe, ya kora iska tsakiya. Nan farin yake taruwa.

Mai son farin ya ragu, ya tafasa ruwa, ya rufe shi ya huce. Ya zuba a mazubi mai tsabta, ya sa a firigo.

Amma ku lura. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, tafasawa ke kashe su. Ruwan tabki ko ya daskare garau yana iya ɗauke da cuta. Ku tuna, a 2018 annobar amai da zawo ta ɓarke a gundumar Madarunfa.

Saboda haka kada ku ƙara ko dala don kyan gani. Ku tambayi mai sayarwa, da wane ruwa aka yi ta? In kuna shakka, kada ku jefa ta cikin abin sha. Ku tsoma kwalba a rufe cikin ƙanƙarar, ta yi sanyi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.