Abokan Karatu Da Filin Wasa: Shekarar 1930 A Kwalejin Katsina

Daga Wakilinmu

Da a ce mutum zai iya komawa shekarar 1930, ya shiga birnin Katsina da la'asar sakaliya, ya nufi wasu gine-ginen ƙasa da ake kira Kwalejin Horon Malamai, da zai tarar da samari suna ta gumi a filin wasa, wasu na bugun ƙwallo da hannu a jikin bango, wasu na guje-guje. Babu wanda zai ce masa yana kallon Firimiyan Jihar Arewa, da Firayim Ministan Nijeriya na farko, da Sarkin Gwandu, da babban marubucin Hausa, duk a farfajiya guda. Amma haka abin yake. A wannan shekara Ahmadu Raɓah, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gab da gamawa. Abubakar Imam yana bin bayansa da shekara guda. Abubakar Tafawa Ɓalewa na biye da Imam. Ga Isa Kaita, ga Haruna ɗan gidan sarautar Gwandu, ga kuma Sa'adu Zungur cikin ƙananan ɗalibai.

Makasudin wannan bayani shi ne mu duba abin da ya haɗa waɗannan samari, domin ma'aikatanmu na ilmi da ɗalibanmu na yau, tun daga Birnin Kebbi har Kalgo da Gwandu da Dodoru, su auna su gani ko makarantunmu suna ba yara irin wannan abu.

Asalin Makarantar

An kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamnan Nijeriya na lokacin, Sir Hugh Clifford, ya buɗe ta a 1922. Nufin Turawan mulki shi ne a horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Karatun shekara biyar ne, da Turanci ake yinsa, kuma ana matsa wa ɗalibi ƙwarai a kan iya furta harshen. Ban da Turanci akwai lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, sannan ga Larabci da addini a hannun malamai 'yan ƙasa, irin su Malam Bello Kagara da Malam Nagwamatse.

Ɗaliban ba su da yawa. Kowane yaro ana ba shi lamba ranar da ya shiga. Lambar Sardauna, wanda ya shiga a 1926, ita ce 87, ta Tafawa Ɓalewa kuwa, wanda ya shiga a 1928, ita ce 145. Ke nan bayan shekara bakwai da kafa makarantar, duk yaran da aka ɗauka daga Sakkwato zuwa Barno, daga Katsina zuwa Ilori, ba su kai ɗari biyu ba. Saboda haka babu wanda zai ɓuya. Kowa ya san kowa, ya san halinsa, ya san ƙarfinsa da rauninsa.

Yadda Shekarar Take

Zuwa makarantar ma kansa jarrabawa ce. Yaron da ya fito daga Lardin Sakkwato a farkon zamanin kwalejin, tafiyar kusan mako guda ce a ƙasa kafin ya ga ganuwar Katsina, yana kwana a ƙauyuka, yana ratsa daji. Wanda ya taso daga ƙasar Gwandu kuwa, sai ya fara kai kansa Sakkwato tukuna. Wanda ya sha wannan wahala ba ya wasa da abin da ya kawo shi, kuma ba ya samun damar leƙawa gida duk ƙarshen mako. Makaranta ita ce gidansa, abokan karatu su ne danginsa.

A gidajen ƙasa ɗalibai suke kwana, rukuni-rukuni, manya suna kula da ƙanana. Bakano da Babarbare da Banufe da Bafillatanin Adamawa suna salla sahu ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya. Azumin shekarar 1930 ya kama ne cikin watan Fabrairu, aka yi ƙaramar salla a farkon Maris, babbar salla kuma cikin Mayu, ana tsakiyar zafin bazara. Sarkin Katsina na wannan zamani shi ne Muhammadu Dikko, wanda ya shahara da son dawaki da wasan folo, don haka garin da kansa gari ne da ake girmama wasa, ba a ɗauke shi aikin banza ba.

Da safe aji, da yamma fili. Wasannin da Turawa suka kawo su ne kurket da ƙwallon ƙafa da guje-guje da tsalle-tsalle, amma wanda ya fi shiga ran ɗalibai shi ne fayif, wato ƙwallon bango.

Wasan Fayif

Wannan wasa asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila ne. Wani malamin makaranta Bature, Mista Hogben, wanda ya koyar a Katsina da kuma Birnin Kebbi cikin shekarun 1920, shi ake jingina wa kawo shi ƙasar nan. Ashe ke nan ƙasar Gwandu tana cikin wuraren farko da suka san wasan a Nijeriya.

Ga yadda ake yinsa. Ana gina fage mai bango uku, gaba da dama da hagu, a bar baya a buɗe. Mutum huɗu ke shiga, biyu suna karawa da biyu. Da tafin hannu ake bugun ƙwallo ta daki bangon gaba, abokin hamayya kuma dole ya mayar da ita kafin ta faɗi ƙasa sau biyu. A Ingila ƙwallo mai tauri suke amfani da ita, suna sa safar hannu. A nan kuwa, da aka ga ƙwallon tana ɓantare bangon ƙasa, sai aka koma ga ƙwallon tanis, aka kuma ajiye safar. Haka wasan ya zama namu, har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da sauran biranen Arewa.

Abin lura a wasan nan shi ne, bisa al'adarsa ba a sa alƙali. 'Yan wasa su ke yanke wa kansu hukunci. Wanda ƙwallo ta kuɓuce masa shi zai faɗa da bakinsa. Kuma komai gwanintarka, in ba ka fahimci abokin tafiyarka ba, an cinye ku. Yaron da ya yi shekara biyar yana wannan ya koyi gaskiya da haƙuri da haɗa kai, ba tare da an tsaya yi masa wa'azi ba. Sardauna ya riƙe shugabancin 'yan fayif a kwalejin, kuma bai bar wasan ba har bayan ya zama Firimiya.

Inda Suka Dosa

Sardauna ya gama a 1931 ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam da Isa Kaita sun gama a 1932 suka kama aikin malanta a Katsina. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauchi. A gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, ɗalibai biyu da malaminsu duk sun yi fice: Imam da Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa da Shaihu Umar, Malam Bello Kagara da Ganɗoki.

Shi kuwa Malam Haruna, bayan ya yi koyarwa da aikin ma'aji, ya zama hakimin Kalgo, daga nan ya hau gadon sarautar Gwandu a 1954, ya shugabanci Majalisar Sarakunan Arewa har zuwa 1966, ya rasu a 1995 bayan shekara arba'in da ɗaya a kan mulki. A 1954 ɗin nan Sardauna ya zama Firimiya, a 1957 Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista. Isa Kaita ya riƙe ma'aikatar ilmi ta Arewa. Yayyensu a makaranta, Aliyu Makaman Bida da Shettima Kashim Ibrahim, ɗaya ya riƙe ma'aikatar kuɗi, ɗaya ya zama Gwamnan Arewa a 1962.

Ba wai bakinsu ɗaya ba ne a kan komai. Sa'adu Zungur ya zama mai tsananin sukar tsarin mulkin En'e, ya kuma ɗauki hanya dabam da ta yayyensa. Amma da aka zo zaman neman mulkin kai, mutanen da suka wakilci Arewa ba baƙin juna ba ne. Sun san wanda yake da fushi, sun san mai haƙuri, sun san wanda in ya yi alkawari zai cika. Wannan sani ba a ofis suka samo shi ba.

Kada kuma a manta da gurguncin tsarin. Kwalejin ba ta ɗauki 'ya'ya mata ba, yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu sarauta ne da na malamai, kuma yawansu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da jama'ar Arewa. Wannan ƙarancin na daga cikin dalilan da suka sa aka bar Arewa a baya wajen ilmin zamani.

Daga Katsina Zuwa Barewa

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, inda Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka yi karatu. A 1949 ta koma Zariya, a 1971 aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa. Gidajen kwanan ɗalibai sun ɗauki sunayen mutanen da suka yi wa ilmi hidima, irin su Bello Kagara da Nagwamatse da Ɗan Hausa da Clifford, kuma a kan waɗannan gidaje ake gasar wasanni. Tsohon ginin Katsina yanzu gidan ajiye kayan tarihi ne.

A Zariya ne Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin Kirista daga Wusasa, ya zama mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon makaranta, gwanin gudun dogon zango, kuma shugaban 'yan dambe. Ba abin mamaki ba ne da gwamnatinsa, bayan yaƙin basasa, ta nemi ɗinke ɓaraka ta hanyar haɗa matasa: a 1973 aka kafa shirin bautar ƙasa, a shekarar kuma aka yi bikin wasannin ƙasa na farko a Legas, aka kuma ƙara yawan kwalejojin gwamnatin tarayya. Shugabannin Nijeriya biyar ne suka bi ta wannan makaranta: Tafawa Ɓalewa, Gowon, Murtala Muhammad, Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa.

To sai dai zama aji ɗaya ba laya ba ce. A sakandaren lardi ta Bida, ajin da ya gama a 1962 ya ƙunshi Ibrahim Babangida da Abdussalami Abubakar da Mamman Vatsa da Muhammadu Magoro ɗan ƙasar Zuru. Biyu sun shugabanci ƙasa, amma a watan Maris na 1986 aka harbe Vatsa bisa tuhumar shirya juyin mulki, a zamanin abokin karatunsa. Makaranta tana dasa zumunci, amma rainonsa yana wuyan waɗanda suka fito.

Ina Muka Kwana?

Yau ilmi ya yaɗu fiye da yadda mutanen 1930 za su yi mafarki. Yaro ko yarinya a Dodoru ko Dalijan ko Kambaza ba ya bukatar tafiyar mako guda kafin ya ga aji. Wannan abin godiya ne. Amma yawancin makarantun yanzu na jeka-ka-dawo ne, ana tashi da azahar kowa ya kama gabansa, kuma yaro yana iya gama sakandare bai taɓa zama da wanda ba ɗan garinsu ba. Bugu da ƙari, matsalar tsaro ta sa iyaye ɗari-ɗari da makarantun kwana, musamman tun bayan sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021. Babu mai ganin laifin uban da ya ji tsoro. Tsare makarantu haƙƙi ne a kan hukuma, kuma shi ne matakin farko.

Amma akwai abin da ba sai an jira kuɗi masu yawa ba. Fagen fayif bango uku ne da ƙwallon tanis. Mutanen da suka gina shi da ƙasa cikin shekarun 1920 ba su fi mu wadata ba. Gudu ba ya bukatar komai sai fili. Kokawa da langa namu ne tun kaka da kakanni, ga 'yan mata ma akwai ƙwallon raga da guje-guje. Abin da ake bukata shi ne shugaban makaranta ya ware lokacin wasa ya tsaya a kansa, a raba ɗalibai gida-gida ko da ba kwana suke yi ba, a hana gine filin makaranta da shaguna, jami'an ilmi kuma su shirya gasa tsakanin makarantun Gwandu da Kalgo da Birnin Kebbi kowace shekara, a lokacin kaka ko hunturu da hanyoyi suke da kyau. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su ma kada taronsu ya tsaya ga cin abinci da ɗaukar hoto. Kofi ɗaya da ƙwallo goma ba za su gagare su ba.

Ku kuma ɗalibai, ku sani cewa wanda kuke zaune benci ɗaya da shi yau, gobe shi ne likitan da zai duba ku, ko alƙalin da za ku tsaya gabansa, ko hakimin garinku. Halin da ya gani a wurinku a filin wasa shi zai tuna, ko da ya manta makin da kuka ci a lissafi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya tsare makarantunmu, Ya albarkaci 'yan baya.