Maganin da ba a taɓa shi da hannu

A makon farko da aka tura mu ɗakin magani na wani asibitin koyarwa domin sanin makamar aiki, mu shida ne, kowa da farar rigarsa sabuwa fil. Aikinmu bai wuce ƙirga ƙwayoyi da rubuta "ɗaya da safe, ɗaya da dare" a jikin leda ba. Ranar Laraba aka shigo da wani kwali, sai ɗaya daga cikinmu ya miƙa hannu zai buɗe don ya nuna himma. Bai kai ga taɓawa ba matar da ke kula da sashen ta daka masa tsawa, har mutanen da ke layi suka waiwayo.

"Kai ɗan nan, janye hannunka! Ina safarka?"

Ya ce, "Hajiya, ai kwalaben a rufe suke."

Ta ce, "A rufe suke, amma wa ya ce maka bayansu a wanke yake?"

Maganin ciwon daji ne a cikin kwalin, wanda marasa lafiya ke kira kemo. Daga baya muka gano cewa gaskiyarta ce: an sha gwada bayan irin waɗannan kwalabe a ƙasashe daban-daban, aka tarar da ɓurɓushin maganin da ya maƙale tun daga masana'anta. Ido ba ya ganinsa, amma fata tana iya shanye shi.

Tun muna firamare aka koya mana cewa magani waraka ne, idan ma akwai haɗari, to ga wanda ya sha fiye da ƙima ne. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa akwai maganin da ke iya cutar da mai lafiyar da ya ɗauko shi, ko ya haɗa shi, ko ya wanke zanin wanda ya sha shi.

Dalilin yana cikin yadda maganin ke aiki, kuma duk wanda ya yi darasin Bayoloji zai gane. Ciwon daji ƙwayoyin halitta ne da suka ƙi jin birki, suna ta rabuwa suna ninkuwa ba ƙaƙƙautawa. Yawancin magungunan kemo suna kai hari ne kan duk ƙwayar da ke saurin rabuwa. Matsalar ita ce ba su san ta kirki da ta banza ba. Saiwar gashi, fatar cikin baki da ta hanji, da ɓargon da ke samar da jini, duk ƙwayoyinsu masu saurin rabuwa ne. Shi ya sa gashin mai shan kemo ke zubewa, bakinsa ya yi gyambo, jininsa ya yi ƙasa. Shi mara lafiya ya karɓi wannan wahala ne don ya tsira da ransa, cinikin ya yi masa riba. Nas ɗin da ke ɗaura masa ruwan kuwa ba ta da ciwon da za a kashe a jikinta. Duk ɗigon da ya shige ta asara ce zalla, kuma ita kullum take wannan aiki, shekara da shekaru.

Asalin wasu daga cikin magungunan ma ya isa ya sa mutum ya shiga taitayinsa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi amfani da wata iskar guba mai suna mastad, wadda ke ƙone fata da huhu. Likitoci sun lura tana kuma rage fararen ƙwayoyin jini ƙwarai. A 1942, wasu masana biyu a Jami'ar Yale ta Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman, suka yi tunanin cewa abin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini zai iya kashe kansar da ke tasowa daga irin waɗannan ƙwayoyi. Aka gwada wani ɗan'uwan gubar a jikin wani mara lafiya, kumburinsa ya sace na ɗan lokaci. Daga nan aka ɗora. Wani magani da ake yawan amfani da shi har gobe, cyclophosphamide, daga wannan zuriya ya fito, kuma hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Maganin kansa da ke iya kawo kansa! Da malaminmu ya faɗa mana haka a aji, mun ɗauka zolaya yake yi.

Abin mamaki, an shafe shekaru fiye da talatin ma'aikatan jinya na haɗa waɗannan magunguna a kan tebur, hannu ba safa, kamar masu dama koko. Sai a 1979 wasu masu bincike a ƙasar Finlan suka gwada fitsarin nas-nas da ke wannan aiki, suka tarar yana ɗauke da abin da ke jirkita ƙwayoyin gado. Binciken da ya biyo baya ya alaƙanta aikin ba tare da kariya ba da yawan ɓarin ciki a tsakanin mata ma'aikata. A 2004 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi tare da jerin magunguna masu haɗari, kuma tana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Ba na kansa kaɗai ke ciki ba. Akwai finasteride, alal misali, wanda dattawa maza ke sha saboda kumburin da ke hana su fitsari: ba a so mace mai ciki ta taɓa ƙwayarsa idan ta fashe, domin yana iya yi wa ɗan tayi namiji lahani.

Hajiya ba ta bar mu mun shiga ɗakin haɗawa ba, ta taga muka leƙa. Mai aikin ya sa safa biyu a kowane hannu, ɗaya a ƙarƙashin hannun riga, ɗaya a sama, kuma ƙa'ida ita ce ya canja su duk bayan minti 30, ko nan take idan magani ya zuba. Rigarsa ta baya ake ɗaure ta, ruwa ba ya ratsa ta, kuma sau ɗaya ake sa ta a jefar. Hannayensa kawai ke cikin wani akwati mai gilashi a gaba, wanda ke zuƙe iska ya tace ta don kada ta dawo fuskarsa. Ba a cin abinci a ɗakin, ba a shan ruwa, ko cingam ba a taunawa. A gefe akwai jaka ta musamman da aka tanada don ranar da kwalba za ta faɗi ta fashe, saboda a irin wannan rana tsintsiya da tsumma sai dai su yaɗa ɓarnar.

Mu dai abin da ya fi tsaya mana a rai ba mai farar riga ba ne. Shi ya yi karatu, ya san abin da ke hannunsa. Mai shara fa? Mai wankin zannuwan gado fa, da wanda ke kwashe bola zuwa wurin ƙonawa? Su ne suka fi kusa da ragowar maganin, su ne kuma aka fi mantawa da su idan ana rabon safa da bayani. A ganinmu duk asibitin da ya kare mai haɗawa ya bar mai shara da hannu tsirara, rabin aiki ya yi.

Wataƙila kana cewa wannan maganar manya ce, me ya haɗa ta da ɗan aji huɗu? To, yanzu magungunan kansa da dama ƙwayoyi ne da ake ba mutum ya tafi gida da su. Kuma a gidajenmu, wa ake aika ya ɗauko wa Kaka maganinta? Wa ke murƙushe ƙwaya a cokali ya zuba ruwa idan ta kasa haɗiya? Wa ke zubar da fo, ya wanke zani? Ku ne, musamman 'yan mata.

Idan akwai mai shan irin wannan magani a gidanku, kada ku zube ƙwayar a tafin hannu. Ku karkata robar ta faɗa cikin murfinta ko cikin ƙaramin kofi da aka ware mata, ko ku sa safa, sannan ku wanke hannu da sabulu. Kada a fasa ta, kada a daka ta, domin garin yana tashi a shaƙe shi. Idan mara lafiya ba ya iya haɗiya, a koma wurin likita ko mai ba da magani a tambaya. A bar ta cikin robarta ta asali, nesa da ƙananan yara, kada a cakuɗa ta da farasitamol a leda ɗaya kamar yadda muka saba. Yayarku ko matar yayanku mai ciki ko mai shayarwa, a ɗauke mata wannan aiki gaba ɗaya.

Maganin yana fita ta fitsari da bayan gida da amai, yawanci har tsawon awa 48 bayan an sha ko an ɗaura, wani ma ya fi haka. A wannan tsakani a sa safa wajen zubar da fo, a kora bayi da ruwa sosai, idan masai ne a rufe bakinsa, kayan da suka ɓaci kuma a wanke su daban. Wannan bai hana ku zama kusa da ita ba. Ku riƙe hannunta, ku ci abinci tare, ku yi hira. Ciwon daji ba a ɗaukarsa, kuma mai jinya ya fi buƙatar mutane a irin wannan lokaci.

Akwai kuma methotrexate, wanda ake bai wa wasu masu ciwon gaɓoɓi sau ɗaya a mako. An sha samun waɗanda suka rasa ransu a ƙasashe da dama saboda sun ɗauka kullum ake sha. Idan kai ne mai karanta wa tsohuwa rubutun jikin leda, karanta sau biyu, ka rubuta ranar shan a jikin kalanda. Ragowar da ba a sha ba kuma ba ta bola ba ce, ba kuma a ba maƙwabci don ciwonsa ya yi kama da nata. A mayar da ita ɗakin maganin da aka karɓo ta.