Yaƙin da Babu Wanda Zai Miƙa Wuya a Cikinsa

Ranar 14 ga Satumba 2001, kwana uku bayan hare-haren da suka hallaka mutum kusan 3,000 a Amurka, majalisar dokokin ƙasar ta zartar da wani ƙuduri wanda ginshiƙinsa jimla ce guda ɗaya mai kalmomi 60. Ƙudurin ya ba shugaban ƙasa izinin afka wa duk ƙasa ko ƙungiya ko mutumin da shi shugaban ya gamsu yana da hannu a harin, ko ya ba masu harin mafaka. A majalisar dattawa babu wanda ya ja da shi. A majalisar wakilai 420 suka amince, mace ɗaya tal, Barbara Lee daga jihar Kalifoniya, ta ce ba da ita ba. Hujjarta ita ce takardar ba ta faɗi sunan ƙasar da za a yaƙa ba, ba ta shata iyaka ba, ba ta kuma yanke wa'adi ba. Ta sha zagi da barazanar kisa a kan haka.

Bayan kwana shida Shugaba George W. Bush ya tsaya gaban majalisun biyu ya raɗa wa abin suna: yaƙi da ta'addanci. Ya ce za a fara da ƙungiyar Alƙa'ida, wadda ta kai harin, amma ba a kanta za a tsaya ba, sai an ga bayan duk wata ƙungiyar ta'adda mai dogon hannu a duniya. A nan gizo ke saƙar. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare ne domin akwai wanda zai sa hannu. Wakilan Japan sun hau jirgin ruwan yaƙi na Missouri ranar 2 ga Satumba 1945 suka rattaba hannu a takardar miƙa wuya, aka shiga sallamar sojoji. Shi kuwa ta'addanci dabara ce ta cusa tsoro, wadda duk mai wuƙa ko mota zai iya ɗauka gobe da safe. Ba shi da fadar da za a ci, ba shi da sarkin da zai ce ya sallama. To wa zai faɗa wa jama'a ranar da aka yi nasara?

Ba Bush ne ya fara ɗaura yaƙi da abin da ba shi da jiki ba. A 1964 Lyndon Johnson ya shelanta yaƙi da talauci, a 1971 Richard Nixon ya ce shaye-shayen ƙwayoyi shi ne babban abokin gabar Amurkawa. Mu ma dattawanmu sun san Yaƙi da Jahilci na zamanin gwamnatin Jihar Arewa, kuma an ga yaƙi da rashin ɗa'a a Nijeriya a 1984. Sai dai shi Yaƙi da Jahilci makamansa allo ne da alli, kowa ya san zaburar da mutane ake yi. Na Bush kuwa da jiragen yaƙi na gaske aka fito, aka kuma jawo dokokin fagen fama aka shimfiɗa su a kan duniya baki ɗaya.

Wannan shimfiɗar ita ce zuciyar lamarin. A lokacin zaman lafiya, wanda ake zargi da kisa kama shi ake yi, a gurfanar da shi gaban alƙali, a kawo shaidu. A fagen fama an yarda a harbe abokin gaba ba tare da shari'a ba, an kuma yarda a tsare fursuna har ranar da yaƙi ya ƙare. Idan yaƙin ba shi da ranar ƙarewa, fursunan ma ba shi da ranar fita ke nan. A Janairun 2002 aka buɗe sansanin Guantanamo a tsibirin Kyuba, kuma mutum kusan 780 suka zauna a cikinsa. Akasarinsu an sallame su bayan shekaru ba tare da an taɓa tuhumarsu da komai ba. Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da kitsa harin Satumba, ya shiga hannu tun 2003, amma ya haura shekara ashirin a tsare ba a yanke masa hukunci ba. A cikin gida kuma dokar Patriot ta Oktoban 2001 ta buɗe wa hukumomin leƙen asiri ƙofa, har sai da Edward Snowden ya fallasa a 2013 cewa ana tattara bayanan wayoyin miliyoyin Amurkawa da babu ruwansu da kowa.

Su ma kalmomin nan 60 sai suka yi ta miƙewa kamar roba. Da su aka kafa hujjar kai hari a Yaman da Somaliya. A 2014 gwamnatin Barack Obama ta jingina da su wajen yaƙar ƙungiyar IS a Iraƙi da Siriya, alhali babu ƙungiya mai wannan suna a 2001, kuma a farkon shekarar ta 2014 ne ma ta raba gari da Alƙa'ida. Mu ma abin ya iso ƙofarmu. Ranar 4 ga Oktoba 2017 aka yi wa ayarin sojojin Amurka da na Nijar kwanton ɓauna kusa da ƙauyen Tongo Tongo, Amurkawa huɗu suka mutu tare da abokan aikinsu 'yan Nijar. Sai ga manyan sanatoci irin su Lindsey Graham suna cewa ba su san ƙasarsu tana da ɗaruruwan sojoji a Nijar ba. Majalisar da tsarin mulki ya danƙa wa ikon ƙaddamar da yaƙi ce take jin labari a bakin 'yan jarida.

Wani abin kuma, har yau Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta cim ma matsaya ɗaya kan abin da ake nufi da ta'addanci ba, don haka kowace gwamnati ita ke nuna nata ɗan ta'adda. Rasha ta saka yaƙinta na Checheniya a ƙarƙashin wannan tuta, Sin ma ta fake da ita a yankin Shinjiyan. Sunan Nelson Mandela kansa bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido a kan ta'addanci ba sai a 2008.

A yi adalci: Alƙa'ida ba tatsuniya ba ce, tana da sansanoni a Afganistan ƙarƙashin inuwar Taliban, kuma babu gwamnatin da za a kashe wa mutum dubu uku ta naɗe hannu. Abin tambaya shi ne wace hanya ce ke kai wa ga biyan buƙata. A 2008 cibiyar bincike ta RAND ta nazarci ƙungiyoyin ta'adda 648 da suka wanzu tsakanin 1968 da 2006. Daga cikin waɗanda suka watse, kashi 43 cikin ɗari sun ƙare ne ta hanyar shiga siyasa, kashi 40 ta aikin 'yan sanda da jami'an leƙen asiri, kashi 7 kacal ta ƙarfin soja. Ko Usama bin Ladan, shugaban Alƙa'ida, da aka kashe a Abbottabad ta Pakistan a Mayun 2011, doguwar bibiyar sirri ce ta gano shi, 'yan tsirarun sojoji suka ƙarasa aikin cikin dare ɗaya. Ita kuwa Taliban, bayan shekaru ana ɗauki ba daɗi da ita a Afganistan, sai da Amurka ta zauna da ita a Doha aka sa hannu a yarjejeniya a Fabrairun 2020, kuma ranar 15 ga Agusta 2021 ta koma kan mulki a Kabul. Masu bincike a Jami'ar Brown sun ƙiyasta a 2021 cewa yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan harin Satumba sun lashe kusan dala tiriliyan 8, kuma mutum wajen 900,000 sun mutu kai tsaye a cikinsu.

Su kansu masu riƙe da madafun iko sun ga matsalar. A Janairun 2009 sakataren harkokin wajen Birtaniya David Miliband ya ce kiran abin yaƙi kuskure ne, domin ya haɗa kan ƙungiyoyin da manufofinsu suka bambanta. A Mayun 2013 Obama ya ce dole wannan yaƙin ma ya zo ƙarshe kamar kowane yaƙi, ya yi alkawarin aiki da majalisa a rage wa ƙudurin 2001 ƙarfi har a soke shi. Ya sauka daga mulki ƙudurin yana nan daram. A Maris ɗin 2023 Sanata Rand Paul ya nemi majalisar dattawa ta yanke wa ƙudurin wa'adi, sanatoci 9 ne kawai cikin 100 suka mara masa baya.