Kowane faifai da allurarsa

A Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi, duk wanda ya gaji tarin fayafayi, irin su na Mamman Shata, da wuya garmaho guda ya ishe shi. Ba alfahari ba ne.

Tsohon faifai mai juyi 78 a minti faffaɗan layi gare shi, allurar ƙarfe yake so, wadda ake sakewa bayan kowace fuska. Na roba kuwa, mai juyi 33 da kamfanin Columbia ya fitar a 1948, da mai 45 na 1949, layinsu siriri ne. In aka ɗora musu waccan allura da nauyin hannunta, sai ta huɗe waƙar kamar garma, ga shi kuwa Shata ya rasu tun 1999.

Shi ya sa ake ajiye garmaho biyu, na uku kuma don cirar kayan gyara, tun da kaset ya kori masu sayar da su.

Sai kuma yanayi: ƙurar hunturu na cin bakin allura, zafin bazara na tanƙwara faifan da aka jingine a ɗakin kwano. Tsaye ake jera su cikin rigunansu, nesa da taga.