DALLA-DALLA: Abin da ya kamata matashin Mainika ya sani kafin ya sayi kwamfutar wasan gem

Wanda yake zaune a Mainika, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Gwarzo, idan yana son kwamfutar girke ta wasan gem, sai ya bi titin da ya ratsa Kabo da Rimin Gado zuwa birnin Kano, tafiyar kilomita 70 ko fiye. A can, Titin Beirut da kasuwar Farm Centre su ne wuraren da aka fi sani da kayan kwamfuta da na waya.

Kuɗin da yake ɗauke da su kan kasance na amfanin gonar damina guda, ko na adashen watanni, ko jarin da dangi suka haɗa masa domin ya buɗe gidan gem. Idan aka yi masa sakiyar da ba ruwa, mayar da kayan ma wata asarar ce. Shi ya sa yake da muhimmanci ya san cewa kwamfuta mai matsakaicin farashi ba a auna ta da fitilun da ke walƙiya a jikinta, ko da tambarin "Core i7" da aka manna mata. Abubuwa uku ne ma'auninta: katin hoto, akwatin wuta, da irin lantarkin da zai tarar a gida.

Me ya sa farashin ya yi tashin gwauron zabo?

Babu ko ɗaya daga cikin manyan sassan kwamfuta da ake ƙerawa a Najeriya, don haka dala ce ke yanke farashi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata daraja. Dalar da ake canzarwa kusan naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024.

Katin hoto na RTX 4060, wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2023 a kan dala 299, zai kama kimanin naira 137,000 a tsohon canji. A canjin 1,500 kuwa, ya kusa naira 450,000, tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastam da ribar ɗan kasuwa. Wannan giɓi ne ya tura masu saye da yawa zuwa kayan gwanjo.

Tarkon "Core i7"

Dabarar da ta fi kama sabon shiga ita ce ta sunan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Kamfanin Intel ya shafe fiye da shekara goma yana amfani da sunayen i3 da i5 da i7, yana fitar da sabon zubi lokaci bayan lokaci. Lambar da ke biye da sunan ita ce ke tona shekarun na'urar. Core i7-3770 zubi na 3 ne, na shekarar 2012. Core i5-12400 zubi na 12 ne, na 2022, kuma ya fi wancan ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da cewa sunansa i5. Duk mai shagon da ya ce "i7 ce" ya yi shiru, bai faɗi rabin magana ba.

Akwai kuma batun manhaja. Kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, sannan Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar firosesan Intel da ke ƙasa da zubi na 8. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka ke sallamawa saboda wannan dalili, irin su tsofaffin Dell OptiPlex da HP EliteDesk, ba sa rasa kasuwa a Afirka.

Ƙasar nan ta daɗe tana karɓar irin waɗannan kaya. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne ke shigowa a shekara, mafi yawansu daga Turai, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki. Hakan na faruwa duk da Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta taƙaita jibge shara mai guba a wasu ƙasashe, da kuma hukumar NESREA da aka ɗora wa alhakin sa ido.

Katin hoto ne jigon wasa

A wasanni irin su EA Sports FC da GTA V da Call of Duty, katin hoto ne ke ɗaukar mafi nauyin aiki, don haka shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗin. A matsakaicin aji akwai RTX 3060 mai ma'adanar GB 12, da RTX 4060 da kuma RX 6600 na kamfanin AMD, masu GB 8 kowannensu. Duk ukun suna tafiyar da yawancin wasanni lafiya lau a allo mai 1080p. GTX 1650 mai GB 4 yana ƙasa da su, kuma sababbin wasanni sun fara yi masa nauyi.

A nan ma akwai algus iri biyu. Na farko, katunan jabu: tsohon kati ne ake sauya wa bayanan ciki har ya riƙa nuna sunan wani sabo. Na biyu, katunan da aka yi haƙar kuɗin kirifto da su. Lokacin da Ethereum ta daina tsarin haƙa a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana, musamman RX 580, sun malalo kasuwannin gwanjo na duniya. Wasunsu suna da sauran rai, amma ba su cancanci farashin sabo ba.

Sauran sassan ba su da wuyar sha'ani. RAM ta kasance GB 16, kuma gara sanda biyu masu GB 8 a kan guda ɗaya, domin aikin ya fi sauri. Ma'adanar bayanai ta kasance SSD mai GB 512 ko sama, tunda wasa guda na iya cinye fiye da GB 100.

Akwatin wuta da wutar gida

Sashen da masu haɗa kwamfuta suka fi rage wa kuɗi shi ne akwatin wuta, saboda ba a ganinsa daga waje. Ƙananan kwamfutocin ofis galibi suna zuwa da akwati mai wat 180 zuwa 260, alhali RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kuma Nvidia ta ba da shawarar akwati mai wat 550. Sanya babban kati a irin wannan jiki ɗora wa jaki kayan raƙumi ne: na'urar za ta riƙa mutuwa a tsakiyar wasa, wata rana ta ƙone.

Daga nan lissafin ya koma Mainika. Tsarin rukunin lantarki na hukumar NERC ya yi wa 'yan Band A alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, su ne kuma aka ƙara wa kuɗi zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024. Garuruwan karkara da ke ƙarƙashin KEDCO ba kasafai suke ganin irin wannan wuta ba. A Oktoban 2024 ma, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. Janareta kuwa ya zama abin tsoro tun cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023.

Ga mai sola, lissafin a bayyane yake. Batir mai volt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da kimanin wat 2,400 na awa guda, kuma idan na ruwa ne, rabin wannan ake son a ja don kada ya mutu da wuri. Kwamfutar da ke jan wat 300 tare da allonta ba za ta kai awa huɗu ba. A nan ne RTX 4060 mai jan wat 115 ya fi RX 580 mai jan wat 185 arha a tsawon lokaci, ko da ya fi shi tsada a shago. Kuɗin UPS da na'urar daidaita wuta su ma a cikin farashin kwamfutar suke.

Zafin bazara da kan haura digiri 40 da ƙurar hunturu su ne sauran abokan gaba. Akwati mai ragar iska a gaba da fanka biyu ko uku ya fi mai gilashi ta ko'ina, kuma yana buƙatar a riƙa hure masa ƙura.

Kafin a biya

Gani ya kori ji. Manhajojin CPU-Z da GPU-Z da CrystalDiskInfo kyauta ne, kuma suna nuna ainihin firosesa da katin hoto da yawan awannin da ma'adana ta yi tana aiki. Ya kamata a buɗe akwatin a karanta takardar da ke jikin akwatin wuta, sannan a kunna wasa mai nauyi na rabin awa a cikin shagon, ana lura da zafi da ƙarar fanka.

Daga ƙarshe sai rasit. Dokar kare haƙƙin masu saye da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta siffanta kaya da abin da ba su da shi, ta kuma bai wa mai saye damar mayar da kaya masu aibi. Jihar Kano ma tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Sai dai ƙorafi yana tafiya ne da hujja. Rasit ɗin da aka rubuta "kwamfuta ɗaya" kawai ba zai tsinana komai ba. Wanda ke ɗauke da cikakkiyar lambar firosesa, da sunan katin hoto, da lambar jikin kowane sashe, da wa'adin garanti, shi ne abin da ɗan Mainika zai riƙe idan na'urar ta mutu bayan ya isa gida.