Me ya sa masu zanen zamani ke karkace fuskar mutum?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Kusan wannan ita ce hujjar masu zanen Turai da suka daina zana fuska yadda Allah Ya halicce ta, suka koma karkace ta da gangan.

Ƙarni da ƙarni, aikin mai zane shi ne fito da kamannin sarki ko attajiri daidai wa daida. Da aka fito da fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, sai na'ura ta karɓe wannan aiki cikin sauri da araha. Daga nan wasu masu zane suka juya ga abin da kyamara ba ta iya kamawa, wato fargaba da baƙin ciki.

A 1893 Edvard Munch ɗan ƙasar Norway ya zana wani mutum dafe da kunnuwa, baki buɗe, kai kamar ƙoƙon gawa, sama ta yi jawur. Ba ya kama da kowa, amma duk wanda tsoro ya taɓa kamawa zai gane shi.

Pablo Picasso ya ƙara gaba. Bayan jiragen yaƙin Jamus da Italiya sun yi wa garin Guernica na Sifaniya ruwan bama-bamai a ranar 26 ga Afrilun 1937, ya zana wata mace tana kuka, fuskarta a tsattsage kamar fasasshen madubi, tana cizon hankici. Ba rashin iyawa ba ne, domin tun yana ɗan shekara 15 yake zana mutane kamar su yi magana. Dabarar ita ce, kuka kan kumbura ido ya murɗe baki, sai mai zane ya zuzuta waɗannan alamu. Idon ɗan Adam kuwa ya saba da tsarin fuska, ko kaɗan aka gusar da hanci sai hankalin mai kallo ya tashi.

Salon ya sha tsangwama. A wannan shekara ta 1937 gwamnatin Hitler ta baje kolin irin waɗannan zane-zane a birnin Munich domin jama'a su yi musu dariya, bayan ta kwashe su daga gidajen tarihi.

Yau kasuwa ta yanke nata hukuncin. A 2013 an sayar da zanen da Francis Bacon ya yi wa abokinsa Lucian Freud, mai fuska a murɗe, kan dala miliyan 142 a birnin New York.